Ranar da Hoton Alhaji Nadabo Ya Fito Tar

A layin masu sayar da taya da batir na bakin tasha akwai wani mutum, Alhaji Nadabo, wanda duk girmansa a garin a kan faifan bidiyo guda ɗaya yake zaune. Ba za a yi masa ƙarya ba, yana da shago, yana da rufin asiri, yana da tumbi daidai gwargwado. Amma waɗannan kusan kowa a layin yana da su. Abin da ya raba shi da sauran shi ne faifan nan.

Faifan na walimar wani ƙusa ne a gwamnatin jiha, mutumin da ba sai an kama sunansa ba, lokacin da ya yi wa ɗansa aure a babban birni. Yadda Alhaji Nadabo ya samu shiga wurin, Allah kaɗai ya sani. Abin da aka sani shi ne bayan biki faifan ya fito kasuwa, irin wanda ake kwafa daga kwafi, a sake kwafa, har ya iso garin a kan baro tare da na wa'azi da na waƙoƙi. Hoton ya sha wuya a hanya. Fuskokin mutane duk sun narke, farar shadda da farin labule sun zama abu ɗaya, ga ganga da maroƙa sun cinye duk wata magana. Sai dai can wajen tsakiya akwai inda ake ganin wani dunƙulen babbar riga ruwan ƙwai ya matso kusa da kujerar ƙusan ya sunkuya. Hannuwa suka haɗu, suka daɗe ba su rabu ba. Kawuna biyu suka kusanci juna, sa'an nan wani hannu ya sauka a kafaɗar mai rigar. Daga nan sai faifan ya sarƙe, ya yi tsalle ya faɗa wurin rabon abinci.

Rigar kam ta Alhaji Nadabo ce, babu mai musu, don a duk garin babu wani magidanci da zai yarda ya ɗinka shadda ruwan ƙwai in ba shi ba.

Ya ajiye wata 'yar talabijin a shagonsa saboda faifan nan kawai. Duk wanda tsautsayi ya kai shi sayen taya, sai ya kalla kafin a ba shi kayansa. Alhaji zai tsaya a gefe yana nuni da makullin shago.

"Ka gani? Nan yake ce min, 'Nadabo, ka yi wuyar gani.' Nan kuma da ya jawo ni, wata magana ce ta sirri, ba ta faɗuwa. Dubi hannunsa a kafaɗata. Haka yake min tun muna samari."

Da farko ya san yana ƙara gishiri. To, amma labarin da mutum ke bayarwa safe da yamma yakan shiga jikinsa. A hankali Alhaji Nadabo ya zama na farko a cikin waɗanda suka gaskata. In ya rufe ido har ɗumin hannun yake ji a kafaɗarsa, har muryar yake ji tana kiran sunansa. In da za a ba shi rantsuwa, da zuciya ɗaya zai rantse.

Ana cikin haka sai magana ta fito cewa za a tashi layin gaba ɗaya daga bakin tasha, a mayar da shi wani fili can bayan gari inda ko jaki ba ya bi, balle mota. Mai taya kuwa in aka raba shi da hanya, an gama da shi. Hankalin kowa ya tashi. Aka ce lallai ƙungiyar 'yan layin ta zaɓi sabon shugaba, wanda zai iya zuwa birni ya yi magana a saurare shi. Mutum biyu suka fito. Akwai Alhaji Nadabo, akwai kuma Ɗayyabu mai batir, wani siririn mutum marar hayaniya da bai san kowa a sama ba, sai dai yana da haƙurin wuni a kan bencin ofis ba tare da ya yi tsaki ba.

Zaɓen a baki ne kawai na kowa da kowa. A gaskiya yana hannun Malam Tsalha, dattijon layin, wanda rabin masu shagunan a wurinsa suka koyi sana'a. Inda ya karkata, nan layin ke karkata. Kuma ya riga ya karkata. Da aka tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Ba halin Nadabo nake so ba. Hanyarsa nake so."

Maganar ta koma kunnen Alhaji, ya ji rabin ƙarshe ya bar rabin farko. Kujerar nan yana son ta, so ba na wasa ba. Ya ba da aikin sabuwar hula. Ya fara sauya tafiya, ya fara amsa gaisuwa da ɗaga yatsu biyu. Da ya zauna a shagonsa ya rufe bakinsa, da shugabanci ya zo ya same shi har gida. Amma Alhaji Nadabo ba a halicce shi da zama shiru ba.

Lokacin ne ake ta shela a rediyo cewa za a bar tsohuwar hanyar watsa talabijin a koma dijital, kowa ya nemi dikoda. Yawancin mutanen layin suka ce in ta zo a gani. Shi kuwa Alhaji ya ji kalmar ta yi masa daɗi a baki. Ya tafi sarin taya Kano, ya dawo da rabin mota taya, rabi kwalaye. A ciki akwai talabijin ta bango mai faɗin ƙofar shago, da dikoda, da lasifikoki ƙanana da ake kafawa a kusurwoyin ɗaki, da kuma wata na'ura siririya ta kallon sabon faifai mai shuɗin gida, wanda aka ce masa hotonsa ya fi abin da ido ke gani. Ranar da aka kafa kayan, da rana tsaka ya sa aka sauke eriyarsa daga kan rufi don kowa ya shaida, ya ba iyalinsa gorar eriyar su yi shanya da ita.

Daga ranar mutane suka shiga uku. Duniya ta rabu masa biyu, dijital da analog, wato tsohon yayi, kuma shi kaɗai ne a ɓangaren farko. Mai shayi da ya jinkirta masa analog ne. Direban da ya yi cinikin taya bai saya ba analog ne. Wanda ya fi shan wannan suna kuwa Ɗayyabu ne.

"Ɗayyabu," in ji shi a gaban jama'a, "wai har yanzu a gidanka sai wani ya hau rufi yana juya eriya, kai kana ƙasa kana cewa ya yi, ya ɗauke, koma hagu? Na wuce jiya na ga har murfin tukunya ka ɗaura mata. Mutumin da hotonsa ke yayyafi shi ne zai shugabanci mutane?"

"Muna dai ganin labarai, Alhaji," in ji Ɗayyabu.

"Kuna dai jin labarai. Gani sai a gidana."

Matsala ɗaya ce ba a gaya masa a Kano ba. Na'urar nan mai tsada ba ta da abin ci. Faifai ɗaya ta zo da shi a cikin kwali, na gwaji, kuma babu komai a cikinsa sai kifaye suna yawo a ƙarƙashin teku, sai lemo da tuffa suna faɗawa cikin ruwa a hankali. Ya aika wa mai baro, mai baro ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Ya zaga shagunan kaset na garin, kowa ya juya shuɗin gidan nan a hannu ya miƙo masa abinsa. Saboda haka duk wanda ya gayyata gida, kifi yake kallo. Zuwan farko mutane sun yi mamaki da gaske, don har ɓawon jikin kifin ana rarrabewa. Zuwa na biyu aka yaba. Daga nan aka fara hamma.

Wata Juma'a bayan an sauko, Ɗayyabu yana cikin waɗanda aka jawo, ya ce, "Alhaji, kifin nan mun san shi, shi ma ya san mu. Babu wani abin?"

Alhaji ya ce akwai, ya ɗauko faifan walima ya saka. Kuskure ne. Abin da ƙaramar talabijin ta shago ke rufawa, babbar ta baza shi a bango. Rigar ruwan ƙwai ta zama kamar an fasa ƙwan a kan gilashin, kan ƙusan kuwa ya koma wani ɗan murabba'i mai motsi. Aka ci gaba da kallo don ladabi. Can sai Ɗayyabu ya ce, ba da ƙarfi ba, "A wannan hoton ai ko ni zan iya cewa ni ne."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Alhaji Nadabo ya ji maganar har ƙashinsa. Ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi. Shi za a ce wa haka? Shi da aka kira da sunansa a gaban manyan ƙasa? Ya shiga bincike da waya, daga wannan zuwa wancan, har ya gano masu ɗaukar hoton da suka yi aikin bikin a birni. Ashe da babbar kyamara suka ɗauka, kuma dangin ango a kan irin faifan nan mai shuɗin gida aka ba su nasu. Na kasuwa ne kawai ya lalace a hannun masu kwafi. Alhaji ya roƙa, ya yi alkawari, ya ambaci sunan ƙusan sau da yawa, har suka yarda za su buga masa ɗaya su ba direban tasha ya kawo.

Bai jira faifan ya iso ba ya bi layin shago-shago. Ya ce jajibirin zaɓe, bayan la'asar, kowa ya zo gidansa. Akwai balangu, akwai fura, kuma masu ciwon hassada su zo da maganinsu.

Falon ya cika har ƙofa. Wasu a kujera, wasu a kafet, wasu sun leƙo ta taga. Malam Tsalha aka ba babbar kujera ta ƙurya, daidai ƙarƙashin ɗaya daga cikin ƙananan lasifikokin. Alhaji ya sa rigar nan ruwan ƙwai don kada a samu mai shakka. Ana zuba fura direba ya yi sallama ya miƙo faifan, ko ledarsa ba a cire ba.

Malam Tsalha ya yafito shi, ya ce a hankali, "Nadabo, ka duba shi tukuna?"

"Haba Malam. Abin da aka yi da ni zan duba?"

Ya tsaya a gaban talabijin da rimot a hannu, ya yi ɗan jawabi. Ya ce zamanin hasashe ya wuce. Ya ce dijital ba ta san ƙarya ba, ba ta san son kai ba, abin da ya faru shi take nunawa, kuma duk wanda ke tsoronta yana da abin ɓoyewa. Ya dubi inda Ɗayyabu yake zaune a kafet da ƙoƙon fura, sa'an nan ya danna.

Gaskiya hoto ya fito. Falon ya ɗauki salati ƙasa-ƙasa. Ana ganin zaren aikin wuyan riguna ɗaya bayan ɗaya, ana ganin gumi a goshin maroƙi, ana ganin ƙudan da ya sauka a kan tiren shinkafa yana wanke hannu. Alhaji ya ji kansa ya yi girma. Ya tura faifan gaba, ya wuce jawabai da addu'o'i, har ya hango launin da yake nema a gefen allo.

"Yauwa. Ku buɗe ido, ga ni nan."

Ga shi nan kuwa. Sai dai ba daga sahun manyan baƙi ya taso ba. Ta bayan rumfa ya ɓullo, tsakanin igiya da tulin kulolin abinci, ya ɗaga ƙafa ya tsallake wayar lasifika, yana waige-waige.

"Ta nan ake shigar da na jiki," in ji Alhaji. "Ba kowa ya san ƙofar ba."

A allo mai rigar ya isa kujerar ƙusan, ya sunkuya, ya kama hannu. Alhaji ya tsayar da hoton a nan, har ya jawo shi kusa, don wannan ne wurin da ya fi so. Hoton ya cika bango. Hannuwa uku ne a ciki. Biyu na Alhaji Nadabo ne, sun damƙe na ukun gam, jijiyoyi sun tashi. Na ukun kuwa yatsunsa a miƙe suke, a sandare, suna neman hanyar fita. A sama ga fuskar ƙusan, ya ɗage gira, ya janye wuya baya, irin kallon da mutum ke yi wa miyar da yake zaton ta kwana.

"Haka yake," in ji Alhaji, muryarsa ta ɗan sauka. "In yana farin ciki ba ya nunawa."

Ya saki hoton da sauri don a kai ga maganar sirri. Kan ƙusan ya matso, kamar yadda aka saba gani. Ya matso, ya wuce kunnen Alhaji, ya tsaya a saitin wani ƙaton mai tsaro da ke tsaye a baya. Ganga ta koma lasifikokin gaba, kamar yadda na'urar ta iya raba sauti. Daga ƙaramar lasifikar ƙurya kuwa, daidai kan Malam Tsalha, wata murya ta fito a sarari.

"Wa ya bar wannan ya shigo?"

Malam Tsalha sai da ya waiwaya ya dubi bango, don ya zaci wani ne a bayansa.

Alhaji ya kai yatsa zai kashe, amma rimot ɗin sabo ne, maɓallansa kuma sun yi yawa. Maimakon ya kashe sai ya tariyo. Kan ƙusan ya koma baya, ya sake matsowa, muryar ta sake tambaya wa ya bar wannan ya shigo. Ya danna wani wurin, hoton ya koma tafiya a hankali, irin ta lemon nan da ke faɗawa cikin ruwa. A cikin wannan tafiyar ta nutsuwa kowa ya ga hannun da ya sauka a kafaɗarsa. Ƙaton hannu ne mai baƙin agogo, ya fito daga hannun kwat, bai dafa ba, tattara shaddar ya yi ya dunƙule.

Nan ne tsohon faifai yake sarƙewa. Sabon bai san sarƙewa ba. Ya nuna mai rigar ruwan ƙwai ana tafiya da shi da baya-baya, dugadugansa suna jan kafet, hularsa ta karkace ta faɗi, shi kuwa bai daina murmushi ba, yana ɗaga wa kyamara hannu. Ya nuna ƙusan ya zaro hankici yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, har tsakankaninsu, sa'an nan ya miƙa wa wani hankicin, bai sake karɓarsa ba.

Abin tausayin, in akwai tausayi a ciki, shi ne duk falon babu wanda ya kai Alhaji Nadabo mamaki. Ya tsaya baki buɗe yana kallon mutumin nan na bango kamar bai taɓa ganinsa ba. Sai abubuwa suka fara dawo masa. Ya tuna hular da ya ce a mota ya manta ta. Ya tuna ɗinkin hammatar rigar da ya ɓalle, wanda ya gaya wa tela ƙusa ce ta kama shi. Rigar tana jikinsa yanzu, yana jin tudun gyaran a ƙarƙashin hannunsa. Gumi ya karyo masa, kunya ta rufe shi, ya ji da ƙasa za ta buɗe da ya gode mata.

Da an yi dariya da ya fi sauƙi. Ba a yi ba. Masu leƙe ta taga suka janye kawunansu. Wani ya yi tari. Ɗayyabu bai ko ɗago ba, furarsa yake sha a nutse, yana kaɗa ludayi. A bango an shiga rabon abinci, hoto tar, ana ganin tururi yana tashi daga naman.

Alhaji ya samu maɓallin kashewa daga ƙarshe. Ya dubi jama'a, ya dubi Malam Tsalha, wanda gobe da safe kalma ɗaya daga bakinsa za ta yanke komai. Dattijon ya ajiye ƙoƙonsa, yana laluben sandarsa a gefen kujera. Alhaji ya san in mutumin nan ya fita ƙofar nan a haka, kujera ta tafi, sabuwar hula kuma sai dai a sa ta zuwa suna. Ya tattaro abin da ya rage masa na murya.

"Jama'a, ku tsaya. Kun san yaran nan na birni da kwamfuta, babu abin da ba sa haɗawa. An biya su ne, kuma na san wanda ya biya. Wannan ba shi ne na asali ba. Malam, don Allah ka zauna. Bari in ɗauko tsohon, wanda kuka sani, wanda kowa ya gani da idonsa."

Malam Tsalha ya miƙe a kan sandarsa, ya gyara zaman rawaninsa, ya dube shi daga hula har ƙasa.

"Ɗauko shi, Alhaji. Mu ma mun fi ganin girmanka a dishi-dishi."